Theodor Fontane: Mai Haɗa Magani da Ya Rubuta Tsoron Bakin Mutane

 Wannan shirinmu ne na adabi da tarihi, wanda ke zuwa muku daga nan Malanville, bakin kogin Isa, wato Neja. Gaisuwa ga mutanen Gaya da ke tsallake, da na Karimama da Kandi, da na Kamba can ɓangaren Najeriya, da direbobin manyan motoci da ke kwance a bakin hanya suna jiran a sallame su, rediyo a gefen kunne.

Yau tafiyar tamu da nisa. Jamus za mu, Jamus ta ƙarni na 19, wurin wani marubuci mai suna Theodor Fontane. Na san wani zai ce ina ruwan mai sayar da albasa a kasuwar Malanville da Bajamushen da ya mutu tun 1898? A yi mini haƙuri a ji. Mutumin nan ya ƙarar da tsufansa yana rubutu a kan abin da babu gidan da bai sani ba a garin nan, wato yadda tsoron bakin mutane ke sa mutumin kirki ya rushe gidansa da hannunsa, ido buɗe, yana sane da abin da yake yi.

An haife shi ranar 30 ga Disamba 1819 a Neuruppin, wani ƙaramin gari a arewa maso yammacin Barlin, cikin masarautar Furusiya, don a lokacin Jamus ba ta riga ta dunƙule ta zama ƙasa ɗaya ba, sai a 1871. Asalin gidansu daga Faransa ne. Kakanninsa na cikin Kiristoci 'yan Furotesta da suka yi hijira saboda addini, waɗanda mai mulkin Brandenburg ya buɗe wa ƙofa a 1685, shekarar da Sarki Luwi na 14 ya soke dokar da ta ba su damar yin ibadarsu a Faransa. Mu mutanen iyaka mun san irin wannan gida: an shekara ɗari a gari, an zama 'yan gari, amma suna da wasu ɗabi'u suna nan suna faɗin inda aka fito.

Mahaifinsa mai kantin magani ne, mutum mai barkwanci, gwanin ba da labari, musamman labarun Napoleon da sarakunan yaƙinsa. Matsalarsa ɗaya, caca. Ita ta ci kantin Neuruppin, aka sayar da shi a 1826, iyali suka koma Swinemünde, wata tashar jiragen ruwa a bakin tekun Baltik wadda yau take cikin ƙasar Folan. A can yaron ya tashi cikin matuƙan jirgi da fatake da baƙi daga ƙasashe daban-daban. Ku riƙe garin nan a zuci, za mu sake gamuwa da shi da wani suna.

Yana ɗan shekara 16, a 1836, aka kai shi koyon sana'ar ubansa a Barlin. Kantin magani na wancan zamani ba irin namu ba ne da ake miƙo maka ƙwaya a kwali. Yaron kanti shi zai auna garin magani a ƙaramin sikeli, ya daka a turmi, ya dafa saiwoyi ya tace, ya mulmula ƙwayoyi ɗaya bayan ɗaya, ya naɗe a takarda ya rubuta yadda za a sha. Shekara 13 Fontane ya yi yana wannan aiki a Barlin da Leipzig da Dresden. A ganina nan ne kunnensa ya buɗe. Wanda ya zo sayen magani ba ya faɗin ciwonsa kai tsaye. Sai ya kewaya, ya ce na wani ɗan'uwansa ne, ya yi zancen sanyi da tsadar kaya, sannan a ƙarshe ya sassauta murya. Mutanen da ke cikin littattafan Fontane haka suke magana. Za su cika shafi uku da hirar abinci da yanayin gari, kai kuwa mai karatu kana jin abin da suke ɓoyewa a ƙarƙashi.

Ya sami takardar shaidar ƙwarewa a 1847, amma ba shi da kuɗin sayen kanti nasa. Yarinyar da zai aura, Emilie, ta yi shekara biyar tana jira. A 1849 ya ajiye turmi da sikeli ya ce da alƙalami zai ci abinci, suka yi aure a 1850, talauci kuwa ya ce salamu alaikum. Cikin 'ya'ya bakwai da suka haifa, uku sun rasu tun suna jarirai. Mutumin da a 1848 yake cikin masu bore wa sarki a titunan Barlin, yunwa ta sa ya karɓi aiki a ofishin yaɗa labarai na gwamnatin sarkin. Suka tura shi Landan, ya zauna daga 1855 zuwa 1859. Da ya dawo ya shekara goma a wata jaridar masu ra'ayin riƙau, Kreuzzeitung, inda wani ɓangare na aikinsa shi ne rubuta rahoton wakilin jaridar na Landan, alhali yana zaune a kan teburinsa a Barlin, jaridun Ingila baje a gabansa. 'Yan'uwana 'yan jarida, kada wanda ya yi dariya da ƙarfi, mun san juna.

A wannan tsakanin ya fara aikin da ya fitar da sunansa. Ya riƙa zagaya yankinsu na Brandenburg, ƙasar rairayi da tafkuna da mutane ke cewa ba abin kallo a cikinta, ƙauye bayan ƙauye. Ya zauna da limamin coci da malamin makaranta da mai keken doki, ya buɗe tsofaffin littattafan rajistar haihuwa da mutuwa, ya karanta rubutun da ke kan kaburbura, ya tambayi wa ya gina wannan gida, wa ya gaje shi, yaya aka yi ya fita daga hannun zuriyar. Juzu'i na farko ya fito a 1862, aikin kuma ya ci gaba har cikin shekarun 1880. Har yau Jamusawa na bin sawunsa da littafin a hannu.

Ya kuma rubuta tarihin yaƙe-yaƙe uku da Furusiya ta yi, da Denmak a 1864, da Ostiriya a 1866, da Faransa a 1870 zuwa 1871. Na ukun ya kusa cin ransa. A watan Oktoba 1870, yaƙi na ci, son gani da ido ya ja shi ya wuce inda sojojin ƙasarsa suke, ya shiga ƙauyen Domrémy don ya ga mahaifar jarumar Faransa, Jeanne d'Arc. Aka kama shi a matsayin ɗan leƙen asiri, ga shi da bindiga a jiki, ga littafin da yake rubuce-rubuce. Aka yi ta yawo da shi daga kurkuku zuwa kurkuku har tsibirin Oléron. Sai da manyan mutane suka sa baki, har shugaban gwamnati Bismarck da kansa ya rubuta ta hannun jakadan Amurka, kafin a sake shi bayan kusan wata biyu. Duk wanda aka taɓa tsare wa a wancan ƙetaren gada saboda takarda ya san yadda ake dawowa da ɗacin rai. Littafin da Fontane ya rubuta a kan zaman kurkukun ya fito a 1871, kuma abin da masu karatu suka lura da shi shi ne babu ƙiyayyar Faransawa a ciki. Ya kwatanta masu gadinsa a matsayin mutane, wannan mai kirki, wancan mai ban haushi, kamar ko'ina.

A 1876 aka ba shi muƙamin sakataren Cibiyar Fasaha ta Barlin, aikin gwamnati mai albashi da fansho, abin da uwargidansa ta shekara ashirin da biyar tana fata. Bai yi ko shekara ba ya ajiye, ya ce ba zai iya ba. Gidan ya ɗau zafi, kuma ni ban ga laifin Emilie ba. Bayan shekara biyu, a 1878, yana da shekara 58, ƙagaggen labarinsa na farko ya fito. A shekarun da ake cewa mutum ya koma gefe ya riƙe carbi, a nan shi ya fara. Daga nan zuwa rasuwarsa, shekara 20, ya rubuta ƙagaggun labarai goma sha wani abu, kuma mafi kyawunsu ya rubuta su ne bayan ya haura saba'in.

(Kiɗa kaɗan)

Masu sauraro, idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan marubucin Jamus Theodor Fontane.

Irin rubutunsa shi masana ke kira rubutun zahiri. Babu aljani, babu zoben sihiri, babu jarumin da ke kashe dubu shi kaɗai. Akwai kuɗin haya, da bashi, da gado, da wa zai auri wa, da abin da maƙwabta za su ce. Mu ma muna da wannan rabuwa a adabinmu tun farkonsa. Cikin littattafan da suka fito daga gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933, Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara sun bi hanyar abin al'ajabi, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa da Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East kuwa sun fi tsayawa a ƙasa, kan bauta da rabuwar ɗa da uwa, da mai kuɗin da ya ƙwace wa talaka budurwa. Fontane na wannan layi na biyu ne.

A 1887 jaridar Vossische Zeitung ta riƙa buga wani labarinsa kashi-kashi, Irrungen, Wirrungen. Lene yarinya ce talaka mai ɗinki, Botho hafsan soja ne ɗan gidan sarauta. Suna son juna tsakani da Allah, kuma dukansu sun san ba aure. Gidan su Botho bashi ya yi musu katutu, dole ya auri 'yar'uwarsa mai dukiya. Ya aure ta. Lene ma daga baya ta auri wani mutumin kirki bayan ta faɗa masa duk abin da ya wuce. Ba wanda ya sha guba, ba wanda ya faɗa kogi, kowa ya ci gaba da rayuwa da ɗan guntun miki a zuci. Masu karatun jaridar suka yi caa. Ba don ba su san ana irin wannan zama a Barlin ba, kowa ya sani. Abin da ya ɓata musu rai shi ne marubucin bai hukunta yarinyar ba, har ma ya nuna ta fi kowa gaskiya a cikin labarin. A wani littafin kuma, Frau Jenny Treibel, ya yi wa sababbin masu kuɗi tsiya: matar mai masana'anta da ba ta da zance sai na soyayya da waƙa da cewa kuɗi ba komai ba ne, ranar da ɗanta ya ce zai auri 'yar malamin makaranta sai aka ga ainihin kalarta.

Amma littafin da ya sa har yau ake karanta Fontane a makarantun Jamus shi ne Effi Briest, wanda ya fito a 1895. A nan zan ɗan zauna.

Effi 'yar shekara 17 ce, tana wasan lilo da ƙawayenta a gidan ubanta aka kira ta ciki aka ce ga mijinta. Sunansa Innstetten, shekararsa 38, shugaban gunduma ne mai hanyar ci gaba a gwamnatin Bismarck, kuma a da can mahaifiyar Effi ya nema bai samu ba. Ba a yi mata dole da bulala ba. An dai nuna mata cewa yarinya mai hankali ba ta ƙin irin wannan miji, ita ma tana son girma, ta amsa. Ya ɗauke ta zuwa Kessin, garin bakin teku da Fontane ya gina da tubalin Swinemünde na yarintarsa. Gida ne mai duhu da ake raɗe-raɗin akwai fatalwa a samansa, miji kullum yana wurin aiki, matan manyan gari suna auna ta da ido. Innstetten ba ya zagi, ba ya duka, ba ya hana ta komai na kuɗi. Malami ne kawai a inda ake bukatar miji. Mutum ɗaya da ke faranta mata rai ba da wata manufa ba a duk garin, kun san ko wane ne? Mai kantin magani. Fontane bai manta da abokan sana'arsa ba.

Sai bango ya tsage. Wani hafsa mai suna Crampas, mai iyali, gwanin zance, ya sami wurin shiga. Abin bai daɗe ba, ba ma wata soyayya ce mai zurfi ba, kuma da aka yi wa mijin ƙarin girma zuwa Barlin, Effi ta yi hamdala ta bar garin da abin da ya faru a cikinsa. Aka shekara shida da ɗoriya lafiya lau.

Ga yadda asiri ya tonu, ku ji ƙanƙantar abin. Effi ta tafi wani gari neman lafiya. 'Yarsu Annie ta faɗi a matakala ta fasa goshi. Masu aikin gida suna neman bandeji a gigice, suka ɓalle makullin teburin ɗinkin uwar, suka watso abin da ke ciki. Cikin tarkacen akwai wasu tsofaffin wasiƙu ɗaure da jan zare. Innstetten ya zo mayar da kaya, ya ga rubutun hannun da ya sani.

A al'adar hafsoshi da manyan Furusiya ta lokacin, wanda aka taɓa wa mata dole ya kira abokin hamayyarsa fito-na-fito da bindiga, a gaban shaidu. Doka ta hana, amma hukuncin ɗan tsari ne na jeka-na-yi-ka, wanda ya ƙi yi kuwa ya zama abin nuni. Innstetten ya kira amininsa Wüllersdorf cikin dare, kuma hirar da suka yi ita ce zuciyar littafin. Aminin ya tambaye shi ko yana jin ƙiyayya. Ya ce a'a. Ko yana jin ƙishin ramuwa? Babu. Shekaru sun wuce, har yanzu yana son matarsa, zuciyarsa na ce masa ya yafe. To me ya hana? Sai ya shiga bayanin cewa mutum ba shi kaɗai yake rayuwa ba, akwai wani abu da jama'a suka gina wanda ba ya tambayar so ko tsawon lokaci, kuma ko ka raina shi sai ka bi shi. Sannan ya kawo hujjar da ta rufe ƙofa: tunda ya riga ya faɗa wa mutum ɗaya, magana ta fita. Daga yau duk ranar da aka yi zancen matar wani a gaban aminin nan, zai riƙa satar kallon fuskarsa. Da ya yi shiru da bakinsa, da yana da zaɓi. Shi ya kira mai shaida, shi kuma ya ce saboda mai shaida ba zai iya ja da baya ba.

Jama'a, wannan magana baƙuwa ce a wurinmu? Sau nawa aka yi saki a unguwa ba don miji ya daina so ba, sai don magana ta riga ta kai majalisa? Sau nawa uba ya rufe wa 'yarsa ƙofa yana hawaye, don kada a ce?

Innstetten dai ya tafi Kessin ya harbe Crampas. Ya saki Effi, ya riƙe 'yar. Iyayenta suka rubuto cewa za su aiko da kuɗi amma kada ta zo gida, don idan suka karɓe ta duniya za ta ce sun goyi bayan abin da ta yi. Ta koma wani ɗan ɗaki a Barlin, ba mai leƙa ta sai Roswitha, 'yar aikin da ta taɓa haihuwa ba aure ubanta ya bi ta da ƙarfe mai zafi. Bayan shekara uku aka yarda Annie ta ziyarce ta sau ɗaya. Uwa ta yi ta jan ta da hira, za ki riƙa zuwa, za mu fita yawo, za mu sha kayan sanyi, yarinya kuwa tana tsaye ƙiƙam tana maimaita amsa guda da aka koya mata a gida. Ranar ce kaɗai Effi ta yi fushi a duk littafin, kuma daga ranar ba ta sake lafiya ba. Sai da likita ya rubuta wa iyayen cewa 'yarsu na mutuwa, sannan tsohon ya buga wayar tangaraho ya ce ta zo. Ta rasu a gidan ubanta ba ta kai shekara 30 ba. Innstetten ya sami ƙarin girman da yake nema, ya zauna da takardar a hannu yana faɗa wa aminin nasa cewa rayuwarsa ta lalace.

A wannan hira ta biyu akwai wurin da ya shafe mu. Innstetten ya ce ji yake kamar ya gudu Afirka, inda a zatonsa mutane ba su san wani abu mutunci ko wayewa ba, kuma ya faɗi hakan da kalmomin raini. Haka manyan Barlin ke kallonmu a lokacin. Tsakanin Nuwamba 1884 da Fabrairu 1885, a fadar Bismarck, tafiyar ƙafa daga gidan da Fontane ke haya, ƙasashe 14 suka zauna suna tsara yadda za a raba Afirka, har da babi guda a kan zirga-zirgar jirage a wannan kogi da ke gabanmu, ba ɗan Afirka ko ɗaya a zauren. Da Innstetten ya iso nan, da ya tarar da abin da ya gudo dominsa yana jiransa a ƙofar gari. Fontane kansa ba waliyyi ba ne. Idonsa mai kaifi a kan munafuncin manyan Furusiya bai hana shi rubuta maganganun ƙyamar Yahudawa a wasiƙunsa ba, alhali da yawa cikin abokansa da masu sayen littattafansa Yahudawa ne.

Ya kusa kasa gama Effi Briest. A 1892 ya kwanta ciwo mai tsanani, likitansa ya ba shi shawarar ya ajiye labarin ya rubuta tarihin yarintarsa. Ya yi hakan, ya warware, ya dawo ya kammala. Da littafin ya fito, masu karatu, musamman mata, suka yi ta tsine wa Innstetten, har marubucin ya rubuta wa wata cewa shi bai ɗauke shi mugu ba. Nan ne ƙarfin littafin yake. Da mugu ne, da sai mu ce Allah ya isa mu rufe littafi mu yi barci. Littafinsa na ƙarshe, Der Stechlin, ya gama shi daf da rasuwarsa a Barlin ranar 20 ga Satumba 1898, aka binne shi a maƙabartar zuriyar Faransawan nan masu hijira.

Saura abu ɗaya. Labarin Effi ya faru da gaske. Matar sunanta Elisabeth von Ardenne, mijinta hafsan soja ne, ya harbe wani alƙali mai suna Emil Hartwich a fito-na-fito a 1886, ya sake ta, aka raba ta da 'ya'yanta. Sai dai ita ba ta kwanta ta mutu ba. Ta koyi aikin jinya ta riƙe kanta da shi, kuma Fontane ya san tana raye sa'ad da yake rubutu. Ta rasu a 1952 tana da shekara 98, shekara 54 bayan an binne marubucin da ya binne ta a takarda. A nan nake ganin idon tsohon ya gaza. Ya ga yadda bakin mutane ke kashe mace, bai hango wadda za ta tashi ta kama sana'a ba. Wannan matar sai ka zo Kano ka same ta a rubuce, a littafin Balaraba Ramat Yakubu, Alhaki Kwikwiyo, na 1990, inda Rabi da mijinta ya kora da 'ya'ya tara ta ɗora tukunya ta fara sayar da abinci.

Ɗalibanmu da malamai masu karatun Faransanci, akwai fassarar Effi Briest a Faransanci da Ingilishi, a neme ta. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, littafin Hajiya Balaraba za mu buɗe, mu ji yadda ta kaya tsakanin Rabi da mijinta Alhaji Abdu.